Bangon da Aka Cire wa Zane: Tafiyata Zuwa Lynchburg

Abin da ya kai ni garin Lynchburg na jihar Virginia a Amurka wani zane ne da na gani a Landan, tun kafin in san cewa akwai gari mai wannan suna a doron ƙasa. Ruwan sama ne ya kore ni daga dandalin Trafalgar na faɗa babban gidan adana zane-zane na Ingila, National Gallery, wanda ba a biyan ko kwabo kafin a shiga, kuma ban shiga da niyyar kallon komai ba illa in jira ruwa ya tsagaita. Ina cikin zagayawa daga ɗaki zuwa ɗaki, tsakanin hotunan sarakuna da na waliyyan Kirista waɗanda ban san labarinsu ba, sai na yi kiciɓis da wasu mutane da na sani. Leburori ne tsaye a bakin tashar jiragen ruwa cikin sanyin hunturu, sun ƙudundune cikin manyan riguna, hannuwa cushe a aljihu, ga dawakan jan kaya a gefensu, ga wani ƙaton jirgi ya tokare sama a bayansu, can tsallaken ruwa kuma dogayen gine-ginen New York sun yi dishi-dishi cikin hazo. Duk wanda ya taɓa wucewa ta bakin titi da sassafe ya ga masu shebur da kwanon kwaɓa siminti suna jiran motar da za ta kwashe su aikin yini ya san irin wannan tsayuwa, ya kuma san cewa ba dukansu za a ɗauka ba.

Sunan zanen Men of the Docks, wato mazajen tasha, kuma wani Ba'amurke mai suna George Bellows ne ya zana shi a 1912. Sai daga baya na samu labarin cewa gidan ya saye shi ne a 2014 kan dala miliyan 25.5 daga hannun wata ƙaramar kwaleji ta garin Lynchburg da Kiristoci 'yan ɗarikar Metodis suka kafa domin 'yan mata zalla, kuma ɗaliban ne da kansu, tare da mutanen gari, suka yi karo-karo suka saye shi a 1920 kan dala 2,500. Ni da na shafe shekara 30 ina koyarwa a makarantun 'yan mata har na yi ritaya ina shugabantar ɗaya daga cikinsu, wannan labari ya tsaya mini a rai, domin na san yadda ake tara kuɗin ɗalibai, na kuma san cewa kowane sulai da ya faɗa cikin gwangwani yana da mai shi, kuma akwai abin da ta hana kanta kafin ta jefa shi. Saboda haka da na kai ziyara wurin 'yar ƙanena da ke aiki a jihar Maryland, ta tambaye ni inda nake son ta kai ni, ban ambaci Fadar White House ko manyan kantuna ba, na ce ta kai ni in ga bangon da aka cire wa zanen nan.

Ta dube ni ta ce, "Gwaggo, yanzu duk faɗin Amurka bango kawai za mu je gani?"

Na ce mata, "Ke dai sayo mana tikiti, 'yar nan, sauran bayani sai mun je."

Mun hau jirgin ƙasa daga tashar Union da ke Washington cikin watan Oktoba, lokacin da itatuwan ƙasar ke rikiɗa su koma ja da ruwan ɗorawa kafin su kakkaɓe ganye. Jirgin ya bi ta Alexandria da Manassas da Culpeper da Charlottesville, kuma tun daga wajen Culpeper tsaunukan Blue Ridge suka fara bayyana ta hannun dama, shuɗaye kamar an shafa musu shuni. Tafiyar ta ɗauke mu kusan awa huɗu kafin mu sauka a tashar titin Kemper. Lynchburg gari ne na mutum kusan 80,000 a bakin kogin James, wanda ya samo suna daga John Lynch, mutumin da ya fara fito da jama'a a kogin a 1757, kuma taba ce ta yi masa arziki a ƙarni na 19. Mutanensa suna yi masa kirari da gari mai tuddai bakwai, kuma gwiwoyina sun shaida cewa ba ƙari a cikin kirarin. A tsakiyar gari akwai wata matattakala mai hawa 139 da aka gina domin tunawa da sojojin garin da suka mutu a yaƙe-yaƙe. Na hau abin da ya sawwaƙa, na zauna na ce na yafe sauran. Tafiyar mil 20 ce kacal daga nan zuwa Appomattox, inda babbar rundunar Kudu ta miƙa wuya a watan Afrilun 1865 a ƙarshen yaƙin basasar Amurka, kuma wannan kusanci yana da nasaba da labarin makarantar fiye da yadda na zata tun farko.

Washegari muka bi titin Rivermont, wani dogon titi mai tsofaffin gidaje da kabewa jere a ƙofofinsu, har muka ci karo da wata katanga ta jan bulo wadda ba ta da tsawo sosai amma ta miƙe tana bin titin. Tsofaffin ɗaliban makarantar idan za su ambaci shekarunsu na karatu sukan ce lokacin da suke bayan jar katanga, kuma da muka shiga ƙofa na gane dalilin. Fili ne mai ciyawa da manyan itatuwa ya hau tudu a hankali, a ƙarshensa kuma babban ginin makarantar, Main Hall, ya shimfiɗe da hasumiyarsa a tsakiya da fikafikai dama da hagu, duk na jan bulo. Allon da ke ƙofar yana ɗauke da sunan Randolph College. Daga 1891 har zuwa 2007 sunan wurin Randolph-Macon Woman's College ne, kuma kalmar nan ta uku da aka goge, mai nufin ta mata, ita ce dukkan rigimar da zan ba da labari.

Ɗarikar Metodis ta samo asali ne a Ingila a ƙarni na 18 daga wa'azin John Wesley, kuma sunan da farko zolaya ce da ake yi wa shi da abokansa a Oxford saboda yadda suka tsara ibadarsu da karatunsu daki-daki, kowane abu da lokacinsa. Ta zama coci mai zaman kanta a Amurka a taron Baltimore na 1784, masu wa'azinta suna zagaya ƙauyuka a kan dawakai, kuma duk inda suka kafu sai su gina makaranta. A 1830 suka kafa Randolph-Macon College ta maza a Virginia, suka sa mata sunayen wasu 'yan siyasa biyu, John Randolph da Nathaniel Macon, waɗanda babu ɗayansu da yake ɗan ɗarikar. Rikicin bauta ya raba cocin gida biyu a 1844, Kudu da Arewa, ba su sake haɗewa ba sai 1939, kuma a ƙarƙashin ɓangaren Kudu aka haifi makarantar da na je gani.

Wanda ya kafa ta shi ne William Waugh Smith, shugaban waccan kwaleji ta maza da ke Ashland. Ya nemi kwamitin amintattu ya amince a riƙa ɗaukar mata, suka ƙi, shi kuwa maimakon ya naɗe hannu sai ya shiga neman wurin da zai gina musu tasu. Ya yi sa'a a lokacin wani kamfanin filaye yana yanka sabuwar unguwar Rivermont, yana kuma son abin da zai ɗaga darajarta, sai ya ba da fili, attajiran gari suka kawo gudummawa, aka buɗe makaranta a watan Satumban 1893 da ɗalibai 36 masu kwana da malamai 12. Ba ita ce makarantar mata ta farko da 'yan Metodis suka gina ba, domin kwalejin Wesleyan da ke Macon a jihar Georgia ta samu izini tun 1836, kuma akwai wasu da dama warwatse a Kudu. Sai dai mafi yawansu a wancan zamani makarantun goge hali ne, inda ake koya wa 'yar attajiri kiɗan piyano da ɗinki da ɗan Faransanci kafin a aurar da ita. Smith ya ce shi abin da ake koya wa maza a mafi kyawun kwalejojinsu yake so a koya wa mata, da ma'auni ɗaya da jarrabawa iri ɗaya, Latin da Girkanci da lissafi da kimiyya. Ba a yi shekara 25 ba sai da maganarsa ta tabbata, domin a 1916 ƙungiyar Phi Beta Kappa, wadda ita ce mafi daɗewa cikin ƙungiyoyin karrama haziƙan ɗalibai a Amurka, ta ba makarantar izinin buɗe reshe, ta zama kwalejin mata ta farko a Kudu da ta samu wannan.

Akwai abin da ya kamata a faɗa game da Smith wanda allunan tarihi ba su cika ɗaga murya a kansa ba. Tsohon sojan rundunar Kudu ne, ya yi yaƙi a ɓangaren masu kare bauta har ya samu raunuka, kuma 'yan matan da ya yi wa wannan fafutuka 'ya'yan fararen fata ne kaɗai. Matan baƙar fata na Lynchburg sun daɗe suna shiga bayan jar katanga da sassafe, amma ta ƙofar ɗakin girki da ta wanki. Ban faɗi haka don in rage masa lada ba. Mutum ne da ya hangi wani zalunci sarai, ya kasa ganin wani da ke kusa da shi.

Cikin Main Hall akwai dogon zaure mai shimfiɗar katako da kujerun zamanin da, inda a da samari kan zauna jiran a kira musu 'yan mata a ƙarƙashin idon mai tsaron ƙofa. A wannan makaranta wata yarinya mai suna Pearl Sydenstricker ta yi karatu har ta gama a 1914. Iyayenta masu wa'azin ɗarikar Presbyterian ne a ƙasar Sin, can ta tashi, ta iso Virginia tana jin Sinanci kamar 'yar ƙasa, tufafinta kuma ba irin na sauran ɗalibai ba. Duniya ta san ta daga baya da sunan Pearl Buck, kuma a 1938 ta zama mace Ba'amurkiya ta farko da ta samu kyautar Nobel ta adabi. Daga nan kuma Blanche Lincoln ta fito, wadda ta wakilci jihar Arkansas a majalisar dattawa, da Candy Crowley, wadda masu kallon CNN suka daɗe suna gani.

Amma abin da ya fi burge ni a matsayina na malama shi ne al'adun da 'yan matan suka ƙirƙiro wa kansu. An raba ɗalibai gida biyu bisa shekarar da za su gama, 'yan cika da 'yan mara, ta yadda 'yan aji ɗaya suke ƙannen 'yan aji uku, 'yan aji biyu kuma ƙannen 'yan aji huɗu, kowane ɓangare da waƙoƙinsa da alamominsa da wasan barkwanci tsakaninsa da ɗayan, kamar dai taubasai. A watan Oktoba 'yan aji biyu kan fafe kabewa su sa kyandir a ciki su miƙa wa yayyensu masu fita, su kuma su yi jerin gwano da ita cikin dare sanye da baƙaƙen rigunan digiri da suka cika da maɓallai da huluna na ban dariya. Lokacin yaye ɗalibai kuma ƙannen kan saƙa doguwar igiya ta fararen furanni su ɗauko ta a kafaɗa domin ban kwana. Can bayan gine-gine akwai wani kwari da ake kira Dell, wanda aka yi masa matattakalai kamar dandalin wasan tsoffin Girkawa, aka kuma sa masa sunan wata malama, Mabel Whiteside, wadda ta fara shirya wasan kwaikwayo da ɗalibanta a 1909, cikin harshen Girkanci na asali, ta kuma ci gaba da hakan sama da shekara 40. A gefen wannan kwari muka shimfiɗa mayafi a kan ciyawa muka haɗa Azahar da La'asar irin ta matafiya, ganye yana faɗo mana, ina tunanin 'yan mata 'yan shekara 19 da suka haddace baitocin wani harshe da ya girmi addininsu suna rerawa a nan.

Katangar ba ta hana duniya shigowa ba. Ranar 14 ga Disamba 1960 ɗalibai shida, farare huɗu da baƙaƙe biyu, suka zauna tare a teburin cin abinci na kantin magani na Patterson a tsakiyar Lynchburg, inda ba a sayar wa baƙar fata abinci a zaune, suka ƙi tashi. Biyu daga cikinsu 'yan matan wannan kwaleji ne. An kama su, kotu ta yanke musu kwana 30 a gidan yari. Na ce wa 'yar ƙanena wannan ma ɗiyan karatun Smith ne, ko da kuwa shi da kansa ba zai so ya gan shi ba.

Raguwar makarantar ta fara ne daga nasarar abin da aka kafa ta dominsa. Yale da Princeton sun fara ɗaukar mata a 1969, Jami'ar Virginia ta buɗe musu ƙofa gaba ɗaya a 1970, ita kanta kwalejin Ashland da ta ƙi su a zamanin Smith ta karɓe su a 1971. Yarinyar da a da ba ta da wurin zuwa sai bayan jar katanga yanzu tana da ɗari. Kwalejojin mata da suka haura 200 a Amurka a shekarun 1960 suka yi ta rufewa ko haɗewa ko ɗaukar maza, har yau ba su kai 40 ba. Zuwa 2006 ɗaliban wannan makaranta kusan 700 ne, kuma domin a samu ko waɗannan sai an yi ragin kuɗin makaranta mai yawa, giɓin kuma ana cike shi ne daga asusun ajiyar da tsofaffin ɗalibai suka tara, wanda ya kai kimanin dala miliyan 140. Mai cin irin shuka ya san damina mai zuwa ba ta da labari. Ranar 9 ga Satumba 2006 kwamitin amintattu, wanda yawancinsa tsofaffin ɗaliban makarantar ne, ya kaɗa ƙuri'a 25 da 2 cewa za a fara ɗaukar maza. Ɗalibai sun yi kuka a fili, sun ƙaurace wa azuzuwa, sun sa riguna masu rubutun da ke cewa gara mutuwa da a gauraya su da maza. An shigar da ƙararraki biyu, ɗaya tana cewa an karya alkawarin da aka yi wa waɗanda suka shigo da sanin makarantar mata ce, ɗayar tana cewa dukiyar da aka bayar don ilimin mata amana ce da ba a juya ta. Sabon suna ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 2007, maza suka shigo a kakar wannan shekara, kuma a watan Yunin 2008 kotun ƙolin Virginia ta ba makarantar gaskiya a dukkan ƙararrakin.

A kan wani benci da ke gaban Main Hall muka tarar da wata dattijuwa da sandarta, zoben makarantar a yatsanta, kuma da ta ga mayafina sai ta tambaye mu daga ina. Hira ta yi daɗi irin ta tsofaffi biyu da gwiwa ta dame su. Ta ce ta gama a nan tun kafin a haifi 'yar ƙanena, kuma har yau bakinta bai saba da sabon sunan ba, Randy-Mac take cewa kamar yadda suke yi mata laƙabi suna yara. Ta ce abin da ta samu a nan shi ne shekara huɗu da babu wanda ya taɓa katse ta tana magana, domin shugabar ɗalibai mace ce, editar jarida mace ce, wadda ta fi kowa lissafi mace ce, har mutum ya manta cewa akwai wani tsari dabam. Bayan ƙuri'ar 2006 ta daina aiko da gudummawa shekaru da dama, daga baya ta dawo, domin a cewarta fushi da gida ba ya hana a zo a duba ko rufi yana yoyo. Da na ambaci zanen sai fuskarta ta canja, ta nuna mini hanya da sandarta, ta ce in je in gani da idona.

Gidan zane-zanen makarantar, Maier Museum, yana can ƙarshen harabar, gini ne gajere mai kauri wanda da ganinsa ka san ba don ado aka yi shi ba. Tarihinsa ya fi siffarsa ban mamaki. A 1951, lokacin da Amurka ke fargabar Tarayyar Sobiyet za ta jefa wa Washington bam ɗin nukiliya, babban gidan zane-zane na ƙasar ya ƙulla yarjejeniya da wannan kwaleji a asirce, aka sa wa shirin suna Project Y, aka gina wannan wuri da ƙarfe da kankare domin idan yaƙi ya ɓarke a kwaso dukiyar ƙasa a manyan motoci a ɓoye ta nan. Yaƙin bai zo ba, ginin ya zama na makaranta, ta zuba nata zane-zanen a ciki. Tarin ya samo asali ne daga wata malamar zane, Louise Jordan Smith, wadda ta fara shirya baje kolin shekara-shekara a 1911 bisa ra'ayin cewa bai kamata yarinya ta koyi zane daga hoton littafi ba alhali ana iya rataya mata na gaske a inda take wucewa kullum. A baje kolin 1920 ne aka kawo zanen leburorin nan, ɗalibai suka ƙwallafa rai a kansa, Bellows ya rage musu farashi, suka tara kuɗin. Shi ne zane na farko da ƙungiyar da suka kafa ta saya, kuma a kansa aka ɗora sauran, har da ayyukan Edward Hopper da Georgia O'Keeffe da Thomas Hart Benton da na gani rataye a ranar.

Ranar 1 ga Oktoba 2007, wata uku bayan canja suna, aka zo da mota da 'yan sanda aka sauke zane huɗu daga wannan gida bisa umarnin kwamitin amintattu domin a kai su gwanjo a New York: na Bellows, da na Edward Hicks, da na Ernest Hennings, da na Rufino Tamayo ɗan ƙasar Meziko. Shugabar gidan ta ajiye aikinta. Masu adawa sun garzaya kotu, aka dakatar da gwanjon bisa sharaɗin su ajiye dala miliyan ɗaya, suka tara rabi suka kasa cika sauran. An sayar da na Tamayo a 2008 kan dala miliyan 7.2, na Bellows kuma ya yi shekaru a ajiye kafin Landan ta ɗauke shi a 2014, ya zama babban zanen Amurka na farko da wancan gida ya saya. Ƙungiyar shugabannin gidajen zane-zane ta Amurka ta hukunta makarantar, ta umarci mambobinta su daina ba ta aron kaya, domin ƙa'idarsu a lokacin ita ce ba a sayar da zane don biyan albashi ko kuɗin wuta, sai dai don a sayi wani zanen. Na tsaya a tsakiyar ɗakin ina juya al'amarin: gidan da aka gina don kare zane daga bam ɗin Rasha, ga shi masu gidan ne suka fitar da zanensa ta ƙofar gaba.

Na taɓa zama a kujerar shugabar makaranta ranar da babu kuɗin abincin ɗalibai, saboda haka ba na saurin zagin wanda ya yanke shawara mai ɗaci da littafin kuɗi a gabansa. Batun ɗaukar maza na fahimce shi, ko da yake ban gamsu ɗari bisa ɗari cewa babu wata hanya ba, domin mil 12 kacal daga nan akwai kwalejin Sweet Briar, wadda shugabanninta suka sanar a watan Maris 2015 cewa za su rufe ta, tsofaffin ɗalibanta suka tashi tsaye da kotu da tara kuɗi suka ƙwace ta cikin 'yan watanni, kuma har yau ta mata ce, haka ma Hollins da ke Roanoke. Batun zanen kuwa dabam ne a wurina. Makarantar ta ce kuɗin ya shiga asusun da ke ɗaukar nauyin karatun ɗalibai, cewa zanen ya koma inda miliyoyin mutane ke ganinsa kyauta, kuma yarjejeniyar ta ba ɗalibanta damar zuwa Landan koyon aiki. Duk wannan gaskiya ne, ni kaina ba don haka ba da ban taɓa ganinsa ba. Amma waɗanda suka jefa kuɗinsu a 1920 ba kadara suka saya wa makaranta don ranar tsiya ba, wakafi suka yi wa ƙannensu da ba a haifa ba, kuma an jira sai da ƙasa ta rufe idon dukkansu sannan aka yi masa kuɗi.

Na tambayi matashiyar da ke tsaron tebur ko wane bango ne, ta ce ana canja jerin zane-zanen lokaci zuwa lokaci, ba za ta iya nuna mini wuri guda ba. 'Yar ƙanena ta matso kusa da kunnena ta ce, "Gwaggo, ashe ko bangon ma ba mu samu ba." Na ce mata ta yi shiru kada ta sa ni dariya a gaban mutane.

A hanyar fita muka leƙa ɗakin ibadar makarantar, babu kowa ciki sai hasken yamma a kan kujeru. Igiyar da ta ɗaure wurin da cocin da ya haife shi ta daɗe tana saki: tun 1953 makarantar ta samu kwamitin amintattu nata dabam da na Ashland, halartar ibada ta daina zama dole, kuma a 2019, lokacin da rikici kan dokokin aure da naɗin limamai ya dabaibaye cocin na Metodis, wanda yanzu ake kira United Methodist, kwalejin ta yanke alaƙarta da shi a hukumance. Taken da ke kan hatiminta dai yana nan da Latin, Vita Abundantior, wato rayuwa mai yalwa, kalmomin da aka ɗauko daga Linjilar Yohanna.

Kusa da ƙofar jar katanga muka haɗu da wani saurayi dogo rungume da kabewa biyu, ɗaya a kowace hammata, yana sauri. Ya tsaya ya nuna mana inda za mu samu motar komawa cikin gari, cikin ladabi ƙwarai, ya ce shi ɗan aji biyu ne, kabewar kuma ta yayarsa ce da ta yayansa na aji huɗu, zai fafe su kafin ranar jerin gwano. Na tambaye shi ko ya san labarin zanen leburorin tasha. Ya ɗan yi tunani, ya ce ya ji an ce akwai wani zane da ke Landan wanda a da nasu ne, amma bai taɓa ganinsa ba, yana fatan zuwa wata rana. Na lissafa a zuci na ga cewa ranar da aka sauke shi daga bango yaron nan bai wuce goyo ba. Na buɗe wayata na nuna masa hoton da na ɗauka a Landan, ya ajiye kabewa ɗaya a kan katanga, ya karɓi wayar ya faɗaɗa hoton da yatsu biyu, ya daɗe yana kallon fuskokin mutanen, har sai da 'yar ƙanena ta ce, "Gwaggo, ga motarmu can ta taho."